Maƙwabciyata ta Sentul da Amsoshin da Na Sauya

Mako biyu Abban Ilham ya ce zai yi. Mahaifinsa ne ya kwanta ciwo a Kano, ya ce bari ya je ya gan shi ya dawo, na haɗa masa 'yar ƙaramar jaka kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bai cika kwana goma da sauka ba Malesiya ta rufe ƙofofinta saboda korona, aka kafa dokar kulle. Haka na wayi gari a hawa na goma sha ɗaya a Wangsa Maju, ni da 'ya'yana mata biyu, Ilham mai shekara bakwai da Nana da ko yaye ta ban yi ba. Ban sake ganin mijina ido da ido ba sai bayan shekara biyu.

Shi aka turo karatun digiri na uku, ni rakiya na yi. Da zaman gida ya ishe ni na nemi gurbin digiri na biyu a fannin ƙididdiga, wanda dama shi na karanta a gida, kuma na yi nisa lokacin da abin ya faru. Saboda haka ko da aka fara maganar jirgin kwashe mutane, ya ce in daure in ƙarasa, kada wahalar ta tashi a banza. Na ce to.

Wangsa Maju unguwar ɗalibai ce. Kafin kulle, da yamma za ka ji Larabci da Turancin Legas da Hausa duk a bakin tashar jirgin ƙasa. Da kulle ya zo sai wurin ya mutu, jirgin yana wucewa a kan gadarsa ba kowa a ciki, Nana tana ɗaga masa hannu ta taga. A nan labarin rasuwar surukina ya same ni, na karɓi gaisuwa a waya, ni kaɗai a kan darduma. A nan muka yi azumi. Ranar Sallah na yi wa yaran kwalliya muka zauna a falo muna kallon juna. Inna ta kira ta bidiyo tana juya wayar don in ga tandar waina da ƙannena, ni kuma ina ta cewa layin ba shi da kyau don kada ta ga fuskata.

Ana sassauta dokar, dillalin gidan ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce mai gida ya sayar, sabon mai shi zai tare a ƙarshen wata. Ya san mijina ba ya nan. Ban san wa zan tambaya ba, ban kuma san ina da ikon cewa a nuna mini takarda ba. Daga baya wata 'yar ajinmu ta gaya mini babu wanda ya sayi komai, dillalin ne ya sa aka rarraba falon da allon katako, ya zuba ɗalibai maza.

Gidan da ƙarfina ya kai a unguwar Sentul na same shi, a wani tsohon bene kusa da layin dogo. Doguwar baranda ce, ƙofofi a jere, kowace da ƙyauren ƙarfe mai raga a gabanta, shanya ko'ina, ƙamshin turaren Indiyawa yana haɗuwa da na soyayyen kifi. Ranar da muka tare lif ya lalace. Mai motar ya sauke kayan a ƙasa ya yi tafiyarsa. Ina tsaye da Nana a baya, ina kallon tukunyar gas ina tunanin hawa biyar ɗin da ke gabana, sai na ji an ce da Turanci, "Ƙanwata, bar shi, ki riƙe yaran."

Muryar ce ta sa na juyo. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, da riga da zani irin na matan Malay, gyale a yafe, takunkumi a fuska. Ta saɓa tukunyar a kafaɗa ta haye da ita, ta dawo ta ɗauki akwati. Sau huɗu tana hawa tana sauka. Da ta gama ta nuna ƙofar da ke jikin tawa ta ce, "Nan nake. Kak Yati. In kina son wani abu ki buga bango, boleh." Kak a bakinsu yaya mace ke nan, boleh kuma ba damuwa.

Tun kafin ta kai hawa na biyu na gane. Na san 'yan daudu a gida, masu sayar da abinci a bakin tasha, waɗanda ake yaba girkinsu amma ba a tsayawa gaisawa da su a gaban mutane. A can mak nyah suke cewa, haka wata tsohuwa da ke ƙarshen barandar ta raɗa mini ba tare da na tambaye ta ba. Na yi godiya a tsaitsaye, na ja Ilham ciki, na sa sakata. Da na gaya wa Abban Ilham a waya sai ya ce, "Gaisuwa kawai, Hajara. Kada yaran su saba."

Na daɗe ina kai-kawo tsakanin "shi" da "ita". Harshen Malay ba shi da wannan damuwar, kalma ɗaya suke amfani da ita ga mace da namiji. Hausa kuwa ba ta barin mutum ya wuce sai ya zaɓa. A nan "ita" zan ce, don da haka nake tuna ta, kuma rana ɗaya da na ce "shi" a gabanta ita ce ranar da na fi jin kunyarta a rayuwata.

Shagon gyaran gashi gare ta, kulle ya rufe shi, sai ta koma yin kuih, 'yan kayan ƙwalama na garin shinkafa da kwakwa, tana kai wa kedai, ɗan shagon da ke ƙasan benen. Bango ɗaya ne tsakaninmu kuma ba shi da kauri. Ina jin ƙarar tukwanenta da asuba, ina jin karatun Alƙur'aninta bayan magariba da irin jan muryar nan tasu. Ban taɓa ganin ta nufi masallacin unguwar ba, ko bayan an buɗe shi. Duk lokacin da ta ƙwanƙwasa sai na zura hijabi har ƙasa kafin in buɗe, in karɓi abin da ta kawo ta tsakanin ƙarafa. Ta lura, ba ta taɓa cewa komai ba.

Akwai ranar da na je kasuwar kayan miya, mai gadi ya ɗaga mini hannu ya ce yau ba a barin baƙi 'yan ƙasar waje, su ake zargi da yaɗa cutar. Mutanen da ke layi suka ja baya daga jikina. Ina tsaye da kwando, sai ga Kak Yati da nata kwandon. Ta karɓi nawa ta tambaye ni me da me. Ta ce, "Ni ma ba son ganina suke ba, amma katina na 'yan ƙasa ne." Ta fito da tumatir da attaruhu da kaza, muka kamo hanyar gida. Na riƙa jan ƙafa don ta ɗan wuce ni, kada a ce tare muke.

A Sentul ɗin ne malamata, Dakta Nalini, ta ba ni aikin da zan rubuta kundina a kansa. Sun yi bincike kan lafiyar manya a lokacin kulle, wasu an kira su a waya, wasu sun cike a intanet, babu suna babu adireshi. A ciki akwai tambayoyi biyu a jere. Ta farko, wane jinsi aka rubuta maka ranar haihuwa. Ta biyu, yanzu kai me ka ɗauki kanka. Abin da take so a kiyasta shi ne, a cikin manyan ƙasar, mutum nawa ne amsoshinsu biyu ba su zo ɗaya ba.

"Babu wanda ya sani, Hajara," in ji ta a bidiyo. "Likitoci suna cin karo da su kullum, amma ba a san yawansu ba, to da me za a yi musu tanadi? Ki yi hankali da wurin nan. Abin da ba shi da yawa, kuskuren yatsa kaɗan sai ya kumbura shi, gogewa kaɗan kuma sai ta shafe shi gaba ɗaya. Duk wanda kika yi shakkarsa ki sa masa alama, kada ki taɓa. Tare za mu duba."

Na ce na gane. Na kashe kwamfutar. Tunanina ɗaya ne: in na koma gida aka ce a kan me kika yi rubutu, me zan ce a gaban dangin mijina? Ga shi da sunana da na mahaifina za a buga a bangon kundin. Da Abban Ilham ya tambaya na ce lafiyar jama'a a lokacin kulle, na sauya hira.

Aikina shi ne tace bayanan kafin a fara lissafi. Layi-layi ne, kowane layi mutum ɗaya. Da na tarar da na farko, namiji a nan mace a can, da zuciya ɗaya na ce kuskure ne. Kuma akwai masu kuskuren da gaske, wani ya ce shekararsa ɗari biyu, wani ya danna amsa iri ɗaya tun daga sama har ƙasa don ya huta. Na gyara amsa ta biyu ta dace da ta farko, ban sa alamar da aka ce in sa ba. Na gaba ma haka.

Sai dai a ƙarshen takardar an bar fili ga mai son ƙarin bayani, kuma wasu sun rubuta. Malay ɗina ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa in gane. Wani ya ce tun da kulle ya fara yake zaune gidan iyayensa da kayan da ba nasa ba a jikinsa. Wani ya ce yana tsoron zuwa gwajin korona saboda sunan da za a kira a bainar jama'a. Wani godiya kawai ya yi da aka tambaye shi. Daga nan ba zan ce ban sani ba. Na sani, na ci gaba da gyarawa. Na gaya wa kaina in abin ya fito ɗan mitsitsi Dakta Nalini za ta ce bai isa kundi ba, ta mayar da ni kan hawan jini ko rashin barci, abin da zan iya faɗa a gaban kowa. Ina wannan aikin ina jin Kak Yati ta bango tana kankare kwakwa.

Shekara ta zagayo, cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko, aka sake rufe gari. A benenmu wasu suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare. A wannan tsakanin zazzaɓi ya kama ni. Na je gwaji da yaran, aka ɗaura mini wani abin hannu ruwan hoda, alamar mai cutar, aka ce asibitoci sun cika, in koma gida in killace kaina, in numfashi ya gagara in kira.

Na kira Maman Khalil. Ita ce babba a matan Hausawan da na sani, mijinta malamin jami'a ne, a Sri Petaling suke, kuma a falonta muke taruwa in ana suna ko walima kafin korona. Ta yi salati, ta yi mini addu'a, ta ce in dafa citta da kanumfari da lemon tsami. Ta so zuwa, amma 'yan sanda sun tare hanyoyi, ba a barin mutum ya yi nisa da unguwarsa. Ban riƙe ta da komai ba.

Kwana na uku da safe aka ƙwanƙwasa.

"Adik, tarin nan naki ba na jin daɗinsa. Ƙaramar kuma tun jiya take kuka. Kun ci abinci?" Adik ƙanwa ke nan, haka take kirana.

Na ce ta matsa daga ƙofar, korona ce.

"Na sani mana. Tambayarki na yi ko kun ci."

Daga ranar, safe da rana da yamma, sai in ji motsin leda a jikin ƙyauren. Kunun shinkafa da kaza, miyar kifi, wani lokaci roti, gurasar Indiyawa, da ta sayo a ƙunshe daga wurin mamak, masu shagon abinci, saboda Ilham. Ta aro mini ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa a ga ƙarfin numfashi, ta ce in riƙa faɗa mata lambar ta bango. In ta ji shiru ya yi yawa sai ta buga bangon sau biyu, in buga mata.

Kwana na shida na kasa bugawa. Ina jin ta tana yi wa Ilham magana ta ƙofa, a hankali, tana gaya mata yadda za ta murɗa mukulli. Ta shigo da takunkumi biyu a fuska da leda a hannuwa. Ina kwance a ƙasa kusa da banɗaki inda ƙarfina ya ƙare, kaina ba ɗankwali. Abin da na fara yi shi ne lalube da hannu ina neman abin rufe kai. Ta gani. Ta ɗauko ɗankwalin daga kan kujera, ta kau da fuskarta gefe ta ɗora mini, ta jira na ɗaura, sannan ta ɗaga ni zaune.

Ta yi wa Nana wanka, ta sauya zanin gado, ta wanke abin da na ɓata ba tare da ta yamutsa fuska ba. Ta kwantar da ni rub da ciki kamar yadda ta ji likitoci na cewa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana karanta Yasin. Ta yi ta kiran asibiti har aka ɗauka, suka ce in lambar ta ƙara sauka a kawo ni. Allah bai sa ta sauka ba. Kwana huɗu tana shigowa. Da na fara iya zama, ta tambaye ni me nake karantawa da har ya raba ni da miji. Na ce ƙirga mutane. Ta ce to in ƙirga ta sau biyu, don aikin mutum biyu ta yi a gidana. Na yi dariyar da ta koma tari.

Mako guda bayan na miƙe ita ta kwanta. Daga wurina ta ɗauka, ba na shakka. Na yi mata farfesun kaza irin namu na rataya a ƙyaurenta, ta ɗaga murya ta bango ta ce yajin Afirka zai gama da ita kafin korona. Nata bai yi tsanani ba. Bayan haka na daina sa sakata da rana, Nana ta koyi hanyar ƙofarta. Abban Ilham kuwa ce masa na yi maƙwabta sun taimaka.

Da aka buɗe hanyoyi Maman Khalil ta zo duba ni da wasu mata biyu, wata Asabar bayan azahar. Ta kawo mini kuka da daddawa daga 'yar ajiyar da ta rage mata. Na rasa inda zan sa su don murna, na fi shekara ban ji Hausa ta cika ɗaki ba. Muna cikin hira, ƙofa a buɗe saboda zafi, sai ga Kak Yati da faranti rufe da ganyen ayaba. Takalman baƙi ta gani a waje, ta zo ta fitar da ni kunya. Takunkuminta ya sauka a haɓa. Ta yi sallama.

Nana ta diro daga cinyata ta je ta rungume ƙafafunta.

Maman Khalil ta ja mayafinta har goshi, ta dube ni ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Maman Ilham, wannan ai namiji ne. Me yake yi a ƙofarki? Har yarinya ta san shi?"

Na sami lokacin yin tunani, ba zan ce bakina ne ya suɓuce ba. Na hango yadda maganar za ta bi waya ta isa Kano kafin magariba, a ce matar wane, mijinta ba ya nan, ga wanda ke shiga ɗakinta. Na ce, "Tallan abinci yake, Hajiya. Haka yake bin ƙofa-ƙofa, yaran benen duk sun san shi." Sannan na miƙe na je bakin ƙofar, na ce da Turanci, da ƙarfi yadda baƙina za su ji, "Yau ba ma saye. Na gode."

Kak Yati ta dube ni, ba ta daɗe ba. Ta sunkuya ta ɓamɓare hannuwan Nana daga zaninta ɗaya bayan ɗaya, ta tura ta ciki a hankali, ta ce, "To, puan." Puan shi ake ce wa matar da ba a sani ba a banki ko a asibiti. Ta juya da farantinta. Na ji ƙofarta ta rufu.

Ilham na zaune a hannun kujera tana kallona.

Maman Khalil ta ce lallai in bar benen nan, za ta sa a nemo mini ɗaki kusa da su. Ɗaya daga cikin matan ta kwaikwayi muryar sallamar, aka yi dariya. Ni ma na yi. Na zuba musu shayi a kofunan da Kak Yati ta wanke lokacin da nake kwance.

Kwana biyar ina jin motsinta ta bango na kasa fita. In na ji ta buɗe ƙofa sai in tsaya cak har ta sauka. Rana ta shida da hantsi, bayan ta dawo daga kai kaya, na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofar katako ta bar ta ƙarfen a rufe. Na ce na zo ba da haƙuri, na fara bayanin yadda mutanenmu suke da yadda magana ke tafiya.

Ta ce, "Ba sai kin fassara mini ba. Ba na jin yarenku, amma muryar nan na san ta. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi mini ita ranar bikinta, kuma ni na yi mata kwalliyar." Ta gyara gyalenta. "Na dai ɗauka ba za ki ce saye ba."

Ban san abin da ya sa na gaya mata sauran ba. Wataƙila don na riga na zube a idonta, babu abin da ya rage in kare. Na gaya mata aikin, da tambayoyin biyu, da abin da nake yi wa amsoshin a ɗakin da ke jikin nata. Ta saurara har na gama.

"An kira ni," ta ce. "Ko su ko wasu irinsu, wata yarinya mai ladabi. Na ce namiji, ta yi ta biyun na sake cewa namiji. Abin da ke kan katina ke nan. Na haura hamsin, na ga abin da ake yi da sunaye in an tara su, ba na ba baƙo gaskiyata a waya. Waɗanda kika gani ɗin nan sun fi ni zuciya. Ƙila ma yara ne. Sun zauna sun yi ta tunani kafin su danna. Nawa kin riga kin yi, ya wuce. Nasu kuma ba ni za ki ba haƙuri ba."

Na tambaye ta ko ta yafe mini.

"Ki bar Nana ta riƙa zuwa in tana so," in ji ta. "Ba ruwanta." Ta rufe ƙofa.

A ranar na rubuta wa Dakta Nalini. Washegari ta kira ni. Ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa. Ta tambaya ko addinina ne ya hana ni aikin. Na ce da shi ne, da tun ranar farko zan ce mata ba zan iya ba, kuma na san da ta sauya mini. Addinina bai ce in yi ƙarya ba, tsoron bakin mutane ne. Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce asalin bayanan suna wurinta, babu abin da ya ɓace, amma watannin da na yi sun tafi, kuma dole ta sanar da sashe. Ta ce da ta miƙa abin da na tace, da an rubuta cewa mutanen nan kusan babu su, wani kuma ya ɗauka ya kafa hujja da shi.

An ba ni takardar gargaɗi, aka ƙara mini zangon karatu guda. Dakta Nalini ta ce in ina so in koma wani batun. Na ce zan ƙarasa wannan in ta yarda. Muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya ni da ita, muka ware masu kuskuren gaske, muka bar sauran yadda masu su suka rubuta. A babin ƙarshe na rubuta cewa akwai waɗanda ba za su taɓa faɗa wa baƙo a waya ba, don haka lissafin bai kai gare su ba. Ta rubuta a gefe cewa in kawo hujja. Na nemo mata a littattafai, ban ce a bakin ƙofa na ji ba.

Ƙarin zangon ya sa dole na yi wa Abban Ilham bayani, kuma da na fara sai na faɗi duka, har da wanda ya ɗaga ni daga ƙasa da abin da na yi a gaban baƙi. Da na gama ya ce, "Allah ya saka masa, mata, da alheri." Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har yau.

Ban koma Sri Petaling ba, na yi ta ba Maman Khalil uzuri har ta gaji. Amma ban taɓa gyara abin da na gaya mata ba. Nana ta ci gaba da zuwa tana dawowa da baki duk kwakwa. Ni da Kak Yati muna gaisawa a baranda, puan ta ci gaba da ce mini har ranar da muka tashi. A ranar na ƙwanƙwasa ban same ta ba, ta tafi shagonta da aka ba su izinin buɗewa. Na bar mata turmin atamfa da na zo da shi daga gida ban ɗinka ba. Ban san ko ta ɗinka ba.

Kwana biyu da saukarmu Kano, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, Inna ta zaunar da ni a ɗakinta tana duba wuyana da hannuwana yadda na rame. Ta ce, "Da kika kwanta ciwon nan, wa ya tsaya miki? Ko abinci na kasa ci a lokacin, ina ta tunanin yaran."

Na ce wata maƙwabciyata ce. Na gaya mata kunun, da wankan Nana, da Yasin. Inna ta share ido da bakin mayafinta.

"Tana da miji? Da 'ya'ya?"

"Ita kaɗai ce, Inna."

"Allah sarki. Ya sunanta? In riƙa sa ta a addu'a."

Na ce Kak Yati muke ce mata, cikakken sunan Hayati ne.

"Hayatu? Ai wannan sunan maza ne."

"A can na mata ne, Inna."

Ta maimaita sau biyu don ya zauna mata. Ilham tana bakin ƙofa tana cire takalmi, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Har yau in na kwana a gidan, bayan sallar asuba ina jin Inna tana jero mu ɗaya bayan ɗaya, ni da yayyena da ƙannena da jikokinta, a ƙarshe ta ce da Hayatu ta Malesiya, Allah ka tsaya mata yadda ta tsaya wa Hajara. Ina cewa amin daga inda nake kwance, a hankali, yadda ba za ta san na farka ba.